Kafur a Hannun Inna

Mahaifiyata mai wankan gawa ce. Na daɗe ban iya furta wannan magana da bakina ba. Idan abokan aikina a makarantar firamaren da nake koyarwa a Kano suka tambaye ni sana'arta, sai in ce turara shinkafa take yi a ƙauyenmu, can tsakanin Kura da Bunkure. Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da na ɓoye.

Inna muke ce mata, mu da jikokinta da rabin ƙauyen. Gajeriya ce siririya, ga murya kamar ta mutum uku. In tana faɗa da akuyar da ta shigar mata shanya, masu ban-ruwa a bakin kanal suna jin komai, har su riƙa ba akuyar haƙuri daga can. Tun da babanmu ya rasu, ina 'yar aji uku, ita ta riƙe gidan. Da kaka takan sayi shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ta jiƙa a rabin durom, ta turara, ta baza a tamfol, ta wuni tana juyawa da ƙafa. Da rani kuwa, idan tumatir ya faɗi warwas a Kadawa har manoma suna barin kwanduna a bakin titi, sai ta tafi da wuƙarta, ta yanka, ta shanya, ta tara kauɗar da za ta kai mu damina. Ban taɓa ganin ta zaune hannu sake ba. Ko hira take yi, to akwai faifai a cinyarta tana tsince wani abu.

Ga surutu. Inna ta san wanda ya karkatar da ruwan maƙwabcinsa, ta san amaryar da ba ta iya tuƙa tuwo ba, kuma ba ta jira a tambaye ta. Abu ɗaya ne kawai ba a taɓa jin sa a bakinta ba.

Sai a yi sallama a ƙofar gida, a ce wance ta cika. Nan take Inna za ta janye itacen da ke ƙarƙashin durom, ko da shinkafar ta kusa turaruwa, ta sauya zane, ta sauko da wata 'yar jaka da ke rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinta. A ciki akwai garin ganyen magarya, da kafur, da allura da farin zare, da tsumma mai tsabta. Sai ta leƙa ta katanga ta kira Gwaggo, ƙanwar babanmu, wadda ita ce mai zuba mata ruwa. Su tafi. Har rugar Fulanin da ke bayan gonakin alkama ta sha zuwa a ƙafa. Idan ta dawo, matan gida su yi ta zagaye-zagaye ko za su ji wani abu, ko jikin mamaciyar ya kumbura, ko fuskarta ta yi haske. Amsarta ɗaya ce: “Allah ya jiƙanta.” Daga nan sai ta nemi buta.

Ni kuwa a irin wannan ranar ba na cin abinci. Inna takan yi wanka, ta wanke hannu da sabulu, ta ɗora tukunya, amma ƙanshin kafur ba ya barin yatsunta. Da na shaƙe shi sai in ture kwanon. In ce cikina ke ciwo, in ce na ƙoshi a gidan Gwaggo. Wata rana ta yi ɗanwake, abin da na fi so a duniya, ta ɗebo ɗaya da hannunta ta kawo bakina. Na kau da kai. Ta tsaya da hannun a miƙe na ɗan lokaci, sannan ta mayar da ɗanwaken cikin kwano. Ba ta ce komai ba, ita da ba ta iya shiru. Tun daga ranar, duk sanda ta dawo daga wanka sai ta ce, “Tukunya na can, ga cokali, ki zuba da kanki.” Haka muka yi har aka kai ni ɗakin miji. Ni a lokacin daɗi na ji, na ɗauka na samu sauƙi.

Bayan na yi aure na haifi 'yata ta fari, aka sa mata sunan Inna, don haka Inna ba ta kiran ta da komai sai Takwara. Duk hutun makaranta ina kai ta ƙauye. Su biyun kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Tare suke korar kaji daga shanya, tare suke zagin akuyar nan, kwano ɗaya suke ci. Inna ta ce yarinyar ta fi ni hankali tun tana goye, yarinyar kuma ta ce Inna ta tsufa ba ta iya gudu, sai Inna ta ɗaure zane ta bi ta a guje har zaure.

Akwai wani hutu da ba na son tunawa. Inna ta dawo daga wani wanka da la'asar, ta yi nata wankan, ta zauna da kwanon dambu. Yarinyar, tana 'yar shekara biyar, ta ruga ta haye cinyarta ta buɗe baki, Inna ta shiga ba ta da hannu. Ina tsaye ina kallo. Na ƙwala wa yarinyar kira, na ce ta zo in gyara mata kitso, kitson da babu abin da ya same shi. Inna ta ɗago ta dube ni.

“Na wanke hannuna, Malama,” ta ce. “Sau uku na wanke.”

Na ji kunya har cikin ƙashina. Amma ban mayar da yarinyar ba, na zaunar da ita na tsefe kitson da ƙarfi har ta yi kuka.

Sunan Malama da take kira na da shi yana da tarihi. Wata shekara Inna ta tafi bikin suna a Madobi ta kwana biyu, a bayanta wata matashiya ta rasu wajen haihuwa. Gwaggo ba ta iya wankan ita kaɗai, sai aka ɗauko wata mata daga ƙauyen da ke tsallaken kanal. Wankan dai ta yi shi. Amma kafin sadakar uku, matan da ke layin famfo sun san kowane tabo da ke jikin yarinyar nan, har ana gardama a kan inda ta samo su. Da Inna ta dawo ta ji, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi famfon. Waɗanda suka ga abin sun ce bokitai kawai aka bari a layi. Da na zo ƙarshen mako na tarar har lokacin tana huci.

“Yarinyar da ba ta taɓa fita ba mayafi ba,” ta ce, “ta mutu an tuɓe ta a bakin famfo.” Sai ta sassauta murya. “Gwaggonki hannunta ya soma rawa, idon ma sai a hankali. In na faɗi, wa zai rufa mini asiri? Ki riƙa bin mu, ko butar ce ki riƙe.”

Na gaji zafin Inna, ban gaji haƙurinta ba. Na ce, “Inna, ni malamar makaranta ce. Ba don in wanke gawa kika sa ni a boko ba.”

Ta ce, “To, Malama.” Sunan ya bi ni. Ta sake tayar da maganar sau biyu a shekarun da suka biyo, ni kuma na sake ƙi, sau ɗaya har da tashi in bar mata ɗakin.

A shekarar da wayar hannu ta fara shiga ƙauyenmu, Yayana ya sayi ɗaya. Sai ya hau gaɓar kanal yake samun sabis. Daga can ya kira ni wata safiya, iska tana kaɗa maganarsa. Bai ce Inna ba ta da lafiya ba. Cewa ya yi, “Yau kwana huɗu ba a hura wutar durom ba.” Na ajiye alli na nemi mota.

Mun kai ta asibiti a Kano. Likitan ya duba ta, ya fito da ni da Yaya waje, ya tambaye mu yadda aka yi muka bari abin ya kai haka. Ta daɗe da ciwon, ta ɗaure shi a ƙarƙashin zane tana ta juya shinkafa. Bayan sati biyu ta ce a mayar da ita gida, ita ba za ta iya kwana inda ba a jin motsin ruwa ba. Na ɗauki hutu a wurin aiki, na bar yarinyar wurin babanta, na bi ta. Bazara ce, an girbe alkama, zafi kamar a murhu.

Matar Yaya mace ce mai kirki, ta so ta ɗauke mini wani abu, amma Inna ta ce dafa abinci da shara duk ta yi, wanka dai sai ni. Da farko ina rirriƙe ta zuwa banɗaki in zaunar da ita a kujera 'yar tsuguno. Da ƙafafun suka ƙi, sai na koma shimfiɗa leda da tabarma a ɗaki, in kawo baho. A nan fitinar ta fara.

“Sirka ruwan. Sa gwiwar hannunki ki ji. Ya yi zafi.”

“Rufa mini zanen daga ƙirji zuwa gwiwa. Ta ƙarƙashi za ki wanke, ba sai kin gani ba.”

“Naɗa tsumman a hannunki tukuna.”

“Alwala fa? Fara yi mini alwala. Jiƙa tsumman ki goge haƙoran, kada ki ɗura mini ruwa.”

“Dama, Malama, dama! A makarantar taku ba a koya muku dama da hagu?”

Kullum da hantsi sai mun yi wannan. In na juya ta da sauri ta ce in tallafi kan. In na zuba ruwa da yawa ta ce ba gona nake ba wa ruwa ba. Ni duk na ɗauka kunya ce da rigimar tsufa, da haushin mutumin da ya saba yi wa kansa komai. Na sha mayar mata da magana. Akwai ranar da na ce in ta fi ni iyawa ta tashi ta yi da kanta. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ni kuma na koma bayan ɗaki na yi ta cizon yatsa.

Wata safiya ta ce in sauko da jakar nan ta bayan ƙofa in ɗebi garin magarya in kaɗa a ruwan, wai yana maganin ƙaiƙayi. Ban so taɓa jakar ba, amma na ɗebo. Ruwan ya yi 'yar kumfa. Na wanke ta sau ɗaya, ta ce in maimaita, na maimaita. Da na gama na tsane ta, sai ta ce kitson ya dame ta, in tsefe in wanke kan. Gashin ya zama fari sol, ya yi laushi, ya ragu. Ta ce, “Kada ki wahalar da kanki. Kalaba uku kawai, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe, ki mayar da su baya.”

Na kama ta farko, na kama ta biyu. Ina tsakiyar ta uku hannuna ya tsaya. Na taɓa jin Gwaggo tana faɗin kalaba uku, tun ina yarinya, kuma na san wa ake yi wa ita. Na dubi bahon, na dubi tsumman da ke gefe, na dubi zanen da ke rufe da ita daga ƙirji zuwa gwiwa. Sati uku ke nan ina yi.

Na yi jifa da matajin ya bugi bango. Na ce, “Inna, wankan me kike sa ni?”

Ba ta ko buɗe ido ba. Ta ce, “Saura ruwan ƙarshe, mai kafur. Shi ne ba zan iya nuna miki ba.”

Na fita ko takalmi babu. Na bi ta bayan gida har gaɓar kanal, na zauna a kan siminti mai zafi na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a asibiti. Haushi nake ji, tsakani da Allah. Ta yaudare ni, ta mai da jikinta allo, ni kuma na yi ta bita kamar 'yar aji ɗaya ban sani ba. Ƙarƙashin haushin kuma akwai abin da na ƙi yarda da shi tun ranar da likita ya fito da mu waje. Wasu mata masu wanki suka hango ni daga ƙasa, suka sunkuyar da kai suka ci gaba da wankinsu.

Da na dawo na tarar da ita yadda na bar ta, kalaba biyu da rabi. Na ɗauki matajin na zauna na ƙarasa. Sai ta kamo hannuna ta ɗora a kan zanen, daidai inda ciwon yake.

“Ke kin ga abin da ya yi mini,” ta ce. “Ina so ya tsaya a idonki. Shekara nawa ina rufe na mutane, kada a kai nawa bakin famfo.”

Ban ce to ba. Wannan yana cikin abubuwan da har yau suke ci mini rai. Kalma ɗaya ce, bakina ya ƙi. Washegari dai na sirka ruwan, na gwada da gwiwar hannu, na rufa zanen, na naɗa tsumman, na fara da alwala, na bi da dama. Tun daga farko har ƙarshe ba ta gyara mini komai ba. Ta lumshe ido ta bar ni. Karo na biyu ke nan a rayuwata da na ga Inna ta yi shiru a inda take da abin cewa.

Bayan kwana tara ta rasu, da hantsi. Ta sha koko cokali biyu, ta tambayi Yaya ko an sako ruwa a layin gonarsa, ya ce an sako. Ta ce to ya tafi kada wani ya riga shi. Bai kai zaure ba na kira shi ya dawo. Muna riƙe da ita tana salati har muryar ta ɗauke.

Kafin a jima gidan ya cika. Maƙwabciyarmu, wata Kirista 'yar Filato da suka yi shekaru suna aron tamfol a tsakaninsu, ba ta jira an sa ta ba, ta hura wuta a murhun Inna ta ɗora ruwa tana share hawaye da gefen zane. Gwaggo ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, hannayenta suna rawa a cinyarta. Sai na ji wata daga cikin matan tana cewa rana na yi, gara a tura ɗan acaɓa tsallaken kanal ya ɗauko matar nan. Yaya ya matso daga zaure, bai shigo cikin mata ba, ya kira ni gefe.

“A tura?” ya ce.

Ina tsoron gawa ranar kamar yadda nake tsoron ta ina 'yar shekara takwas, ko kaɗan bai ragu ba. Na dubi matan da ke tsakar gida, da yawansu na san su a layin famfo. Na ce, “Kada a tura kowa.” Na shiga ɗakin na sauko da jakar daga ƙusa. Ta fi yadda na san ta nauyi. A ƙasanta na tarar da likkafani a ninke, an yanka, an ɗinke da irin ɗinkin Inna mai ƙananan taku, da kafur dakakke a ƙulle a leda. Ban san yaushe ta yi ba.

Na ce, “Gwaggo, taso ki zuba mini.” Muka saki labule.

Ruwan yana zuba a karkace saboda rawar hannun Gwaggo, amma nawa hannuwan sun san hanya. Na tallafi kan kafin in juya ta. Na sami kaina ina gwada ruwan da gwiwar hannu, ina tsoron kada ya yi mata zafi. A haka har muka zo ruwan ƙarshe. Na kwance ledar na tsaya, don ban san yawan da ake sawa ba. Ta miƙo yatsu uku ta ɗiba ta saka a ƙwarya ta ce, “Haka take yi.” Na kama kalaba uku na mayar da su baya. Sauran abin da na gani a ɗakin nan ba zan rubuta shi ba. Da muka fito wata ta matso kusa da ni ta ce, “Sannu, yaya jikin nata ya…” Na ce, “Allah ya jiƙanta.” Na nemi buta.

Maza suka ɗauki makara kafin azahar. Ni na zagaya bayan ɗaki inda duromominta suke kife, na zauna a kan wani turmi. Na wanke hannuna da sabulu, na sake, na sake. Ƙanshin yana nan daram.

A nan 'yata ta same ni. Babanta ya taho da ita daga Kano, ba su iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Shekararta bakwai a lokacin. Ta leƙa ɗakin Inna ta ga babu kowa, an gaya mata, ta ƙi kuka, ta kuma ƙi cin komai tun safe. Matar Yaya ta biyo ta da kwanon dambun da maƙwabta suka aiko, ta ajiye a gabanmu ta koma. Na tura wa yarinyar kwanon da ƙafa, na ce, “Ga cokali nan, ki ci da kanki.” Na cusa hannayena cikin zane. Sai da maganar ta fita na ji a bakin wa na taɓa jin ta.

Yarinyar ba ta dubi cokalin ba. Ta matso ta jingina da gwiwata, ta jawo hannuna na dama daga cikin zanen, ina janyewa tana ja. Ta kai shi hancinta ta shaƙa, ta sake shaƙa.

“Umma,” ta ce, “hannunki ƙanshin Inna yake.”

Ta buɗe baki tana jira. Na ɗebo dambun da hannun na ba ta. Ta cinye, ta sake buɗewa.